Yadda ake zaɓen buroshin yanke layi a aikin fenti

Idan ka shiga ɗakin da aka gama yi wa fenti, ido can sama yake fara zuwa, inda launin bango ya haɗu da farin silin, daga nan ya gangaro bakin ƙofa, gefen taga da kewayen makunnin wuta. In layin nan ya miƙe, ko fentin mai sauƙin kuɗi ne sai ka ga ɗaki ya fito fes. In kuwa ya yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi, to ko fenti mafi tsada a Kano aka shafa, duk wanda ya shigo sai ya tambayi wanda ya yi aikin, kuma ba don ya ba shi wani ba.

Rola ba ta isa kusurwa. Duk yadda ka matsa da ita sai ta bar ɗan fili, in ka tilasta mata kuma ta goga wa silin launin bango. Shi ya sa ake fara bin gefe-gefe da buroshi, a ja ɗamarar fenti mai faɗin yatsu uku ko huɗu, sannan rola ta cike tsakiya. Wannan shi ne yanke layi, kuma buroshinsa daban yake da wanda ake yaɓa wa katanga farar ƙasa da shi.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Ana saura kwana huɗu 'yan jere su zo gidan ƙanena, mai fentin da aka yi ciniki da shi ya karɓi kafin alƙalami ya yi ɓatan dabo. Na ce ai fenti ba wani abu ba ne, na je na sayo buroshi mai inci 4, mafi araha a shagon. Kafin azahar ina tsugune gaban ƙofa da allura ina tsince gashi daga cikin ɗanyen fenti, layin silin kuwa ba a magana. Wani dattijo da ke yi wa maƙwabta aiki ya leƙo, ya ɗauki buroshin ya jujjuya shi.

"Ɗana, fentinka ba shi da laifi. Tsintsiya ka sayo."

Ya zaro wani ɗan buroshi daga aljihu, naɗe cikin kwali an ɗaure da roba, ya hau tsani ya yanke mini bango guda daga kusurwa zuwa kusurwa, ba tef ba komai. Na ce, "Baba, ko za ka ara mini shi zuwa gobe?" Ya ce rola zai ara mini, tsani ma in ɗauka, amma wannan ko ɗan cikinsa ba ya taɓawa.

Mataki na farko: san fentinka tun kafin ka fita

Fentin da muke amfani da shi a gidaje kashi biyu ne. Akwai na ruwa, wato imolshan da ɗan'uwansa satin mai ɗan sheƙi, su ake yi wa bango da silin. Akwai kuma na mai, gulos, na ƙofofi da get da ƙarfen taga. In kana shakka, duba jikin gwangwanin ka ga abin da aka ce a sirka shi da shi: in ruwa ne, fentin ruwa ne, in tina ce, na mai ne.

Wannan shi zai gaya maka irin gashin da za ka nema, don gashin buroshi ma iri biyu ne, na dabba da na roba. Gashin dabba yana shan ruwa kamar gashin kan mutum. Ka tsoma shi cikin imolshan, ba za a jima ba ya kumbura, ya yi laƙwas, bakinsa ya baje, layi kuma ya gagara. A fentin mai ne yake nuna kansa, yana shimfiɗa gulos sumul.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani a nan, wanda ba kasafai mai shago ke faɗa ba, wani ma bai sani ba. Mafi yawan buroshin gashin dabba, waɗanda za ka ga an rubuta musu "pure bristle" ko "China bristle", da gashin alade ake yin su, akasari daga ƙasar Sin. Hukuncin amfani da shi maganar malamai ce, amma mutane da yawa ba sa son a taɓa musu ɗaki da shi, balle masallaci. Gane shi ba wuya. Ka samu silin gashi ɗaya da ya zube ka kanga masa ashana. Na dabba zai ƙone ya zama toka, ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Layya. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Na robar ma ba ɗaya ba ne. Nailan yana da laushi, yana barin fenti santsi, sai dai zafi da daɗewa cikin ruwa suna sa shi ya saki jiki. Foliyesta ya fi tauri, bai damu da zafi ko ruwa ba, amma shi kaɗai yakan bar sawu a fenti. A garin da zafin Maris zuwa Mayu ke kai digiri 40, gamin biyun shi ne daidai: foliyesta ya riƙe ƙarfin, nailan ya ba da laushin baki. Kuma irin wannan gamin yana aiki da fentin ruwa da na mai duka, don haka wanda ba ya son gashin dabba bai yi asarar komai ba. Sai dai ka ware buroshi biyu, na ruwa daban, na mai daban, kada ka riƙa haɗa musu aiki.

Na biyu: siffar baki da faɗi

Nemi buroshin da bakinsa yake a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san dalilin da ya sa ake fere alƙalamin kara a jirkice: tsinin ne ke bin layi, sauran jikin na ba shi tawada. Haka wannan yake. Dogon gefen ke shiga kusurwa, kuma hannunka ba ya tare maka ganin inda kake bi. Mai miƙaƙƙen baki aikinsa shimfiɗaɗɗen wuri ne, kamar fuskar ƙofa.

In ka zaga ba ka samu mai karkataccen baki ba, mai miƙaƙƙen baki ɗan siriri zai yi, ka juya shi ka yi aiki da kaifinsa. Masu fenti da yawa da shi suke yanke layinsu. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka sa almakashi ko reza ka ce za ka karkata shi da kanka. Taushin buroshi duk a ƙarshen gashin yake, kana datsewa ka mayar da shi buroshin goge takalmi.

Batun faɗi, inci 2, wato milimita 50, shi nake ba wa kowane sabon shiga shawara. Wanda hannunsa ya faɗa zai fi jin daɗin inci 2 da rabi a dogon layin silin, don ya fi ɗaukar fenti. Inci 1 da rabi na firam ɗin taga ne da siraran gefuna, inci 1 kuma na sandunan ƙarfen taga. Inci 3 da 4 ka bar wa katanga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ɗan mitsitsin buroshi, a zaton ƙarami ya fi iya bin layi. Ƙarami ba ya riƙe fenti. Kafin ka ja taƙi ɗaya ya ƙare, ka koma bokiti, kuma duk inda ka tsaya ka sake ɗorawa sai layin ya ɗan yi gwiwa. A bango ɗaya sai ka ƙirga gwiwa ashirin.

Na uku: a gaban mai shago

Nan ne aikin yake. Ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nufa, ko shagunan kayan gini na Sabon Gari wajen titin Faransa, kada ka sayi buroshin yanke layi a cikin ledarsa ba ka taɓa ba. Kuma kada ka tsaya kan waɗanda aka rataye a bakin ƙofa, waɗannan na masu sauri ne. Ka ce, "Alhaji, akwai wanda ya fi wannan? Na yanke layi nake so." Sau da yawa sai ka ga an miƙa hannu can ciki an ɗauko wani.

Fara da jan gashin. Kama shi da yatsu ka ɗan ja, sannan ka buga shi a tafin hannunka sau uku ko huɗu. Sili ɗaya ko biyu su faɗo ba komai ba ne, sabon buroshi ya gaji haka. In kuwa kowane bugu sai ya zubar, ajiye masa kayansa. Abin da ya zuba a tafinka, shi zai zuba a ƙofarka.

Sai ka ɗaga shi ka kalle shi ta gefe. Mai kyau yana da kauri a gindi, yana tafiya yana sirancewa har bakinsa ya zama kamar na gizago, saboda gashin ba tsawonsu ɗaya ba, na tsakiya sun fi na waje. Wanda aka datse shi daidai wa daida kamar askin soja ba zai taɓa ba ka siririn layi ba. Matso da shi kusa da ido, za ka ga ƙarshen kowane sili ya ɗan tsattsage gida biyu ko uku. Ba lalacewa ba ce, da gangan ake yin haka, don waɗannan 'yan tsage-tsagen su ke riƙe fenti su kuma share sawun buroshi. Shafa shi a bayan hannunka. Ya kamata ka ji laushi a baki, ƙarfi a jiki.

Danna shi a tafin hannu har ya lanƙwasa, ka saki. Mai kyau zai baje a haɗe kamar mafici, ya kuma koma yadda yake nan take. Wanda ya rabu gida-gida kamar yatsu, ko ya tsaya a lanƙwashe, haka zai yi maka a bango. Duba tsawon gashin kuma: ya fi faɗin buroshin. Mai inci 2 gashinsa ya kai inci 2 da rabi zuwa 3. Gajeren gashi turo fenti yake yi, ba ya shimfiɗa shi.

Yanzu buɗa gashin da yatsu ka leƙa ciki. Za ka tarar da ɗan katako ko kwali a tsakiya da ya raba gashin ya bar rami. Wannan ramin rumbun fenti ne, kowane buroshi na da shi. Amma a nan ake yin ha'inci: wani sai ka ga katakon ya cinye wurin, gashin 'yar shinge ce kawai aka kewaya masa. Daga waje ya yi kauri, ciki fayau.

Saura wuyan ƙarfen da ya haɗa gashi da mariƙi. Riƙe shi ka murɗa mariƙin. In ya yi motsi, ba zai yi ƙarko ba. Wanda aka kafe da ƙananan ƙusoshi ya fi wanda aka matse kawai. Ƙarfen ya zama mara tsatsa ko jan ƙarfe, don na gwangwani wanki biyu zai fara tsatsa, ranar da kake farin fenti kuma ya zubo maka jan ruwa a kai. Mariƙin katako mara fenti ya fi na roba a wurinmu, yana shanye gumi, ba ya zamewa. Ka riƙe shi yadda kake riƙe biro ka ji ko ya zauna a hannunka, ka kuma tabbatar da huda a ƙarshensa ta ratayewa.

Sunan da ke jikin mariƙi kada ya ruɗe ka. Harris da Hamilton sanannun masu yin buroshi ne a Ingila, Purdy da Wooster kuma a Amurka, amma buga suna a katako ba shi da wuya, kuma ba kayan da ba a kwaikwaya a kasuwa. Hannunka ya fi tambari gaskiya. Mai kyau zai fi tsada, babu makawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya sayi durom-durom na fenti bai yi ƙorafi ba, ya zo kan abu ɗaya da zai fitar da kyan fentin ya ce a ba shi na ƙasa. Araha dai ba ta ado.

Na huɗu: ranar aiki

Share kusurwoyi tukuna. Ƙurar hunturu da saƙar gizo a can suke taruwa, buroshi kuma kwashe su zai yi ya dama da fenti. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Sabon buroshi ka karkaɗe shi sosai ya zubar da abin da zai zubar. In fentin ruwa za ka yi, jiƙa shi da ruwa ka yarfe har sai danshi kawai ya rage, hakan na hana fenti bushewa a gindin gashi. In na mai ne, ɗan kananzir ko tina za ka taɓa masa ka goge.

Kada ka hau tsani da babban bokiti. Zuba fenti a ƙaramar roba, zurfin yatsu uku. In tsohon fenti ne mai gudaji, tace shi da yankin tsohon gidan sauro. Wajen sirki kuma bi abin da aka rubuta a jikin bokitin. Fentin da aka cika wa ruwa don ya yi auki ba buroshin da zai iya riƙe shi, zuba zai yi ta yi.

Tsoma kashi ɗaya cikin uku na gashin kawai. Ɗan bubbuga shi a cikin robar hagu da dama, kada ka kankare shi a baki, kankarewa na kwashe fentin da ka ɗebo. Riƙe shi kamar biro, yatsunka a kan wuyan ƙarfen.

Jan farko ba a kan layi ake yin sa ba. Sauka ƙasa da layin kamar faɗin yatsa ɗaya, ka ja ka sauke nauyin fentin a nan. Sannan ka dawo farko, ka ɗan danna har gashin ya baje, dogon gefen yana sama, ka matso a hankali har tsininsa ya taɓa kusurwa. Za ka ga ɗan siririn fenti ya taru a bakin gashin yana tafiya tare da shi. Wannan ɗan taruwar ita ke zana layin, kai dai rakiya kake yi. Ja da dukkan hannu tun daga kafaɗa, ba da wuyan hannu ba, idonka na ɗan gaba da buroshin, kamar mai tuƙi da ke kallon hanya. Tsawon kamu ɗaya ya isa ja guda. Kana jin buroshi ya fara ja da ƙyar, ɗebo wani. Daga ƙarshe shafe gefen ƙasa na ɗamarar ya ɓace cikin bango, kada ya bar tudu, in ba haka ba zai fito ta ƙarƙashin aikin rola.

Ajiye ɗanyen tsumma a aljihu. In ka taɓa silin, naɗa shi a yatsa ka goge nan take.

Yawancin gine-ginenmu kusurwar filasta ba ta miƙe sosai ba, ko da an yi adon POP. In ka ce za ka bi kowane lanƙwasa, layinka zai lanƙwashe tare da ita. Gara ka tsaya ɗan ƙasa kaɗan ka miƙe abinka. Ɗan farin da ya sauko kan bango ba mai lura da shi, amma ɗigon launi mai duhu a kan farin silin daga bakin ƙofa ake hango shi. Inda kuma ake raba bango biyu, gulos a ƙasa imolshan a sama, irin na zaure da makarantu, shafa wa igiya bula, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, a ɗaga tsakiya a saki. Layin da ta bari shi za ka bi.

Kada ka yanke ɗaki gaba ɗaya sannan ka ɗauki rola. Yanke bango ɗaya, ka bi shi da rola tun yana ɗanye, in ba haka ba gefen zai bushe da wani launi daban, bango ya fito kamar hoto cikin firam. Da bazara ko hunturu, da imolshan ke bushewa kafin ka sauko daga tsani, ya fi kyau ku zama biyu, ɗaya na yanka ɗaya na biye da rola. Kashe fanka, kuma ka fara da sassafe. In an kira salla, naɗe buroshin cikin leda ka matse iska, zai jira ka. In ka ga fenti ya fara ƙanƙamewa a saman gashi, tsaya ka wanke shi ka ci gaba.

Tef ɗin takarda yana da amfani a kan tayil, gilashi da tagar alminiyom. A kan filasta mai kaushi kuwa fenti bi yake yi ta ƙarƙashinsa. In ka sa, danne bakinsa da farce, ka ɓare shi kafin fentin ya gama bushewa. Ka bar shi kwanaki cikin zafin nan, gam ɗinsa zai kama.

Ƙofofi da firam

Ni nakan fara da silin, sai firam da ƙofofi, bango a ƙarshe. Dalili kuwa, in gulos ya kwana ya bushe, duk imolshan da ya fallatsa a kansa ɗanyen tsumma ke ɗauke shi. Goga samfefa tukuna ka share ƙurar. Bi tsawon firam ɗin, kada ka gitta shi, kuma shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Gulos yana da halin yin hawaye a kusurwa bayan ka wuce, don haka ka riƙa waiwayowa bayan 'yan mintuna kana ɗauke su da bakin buroshi. Yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, amma ka bar hanyar iska, warin fentin mai a rufaffen ɗaki yana sa jiri.

Ƙarfe mai tsatsa, da jan fentin hana tsatsa da ake fara shafa masa, nan ne wurin buroshi mai araha. Kada ka kai na layinka can, kaushin ƙarfe cinye masa baki zai yi.

Wanki da ajiya

Na fentin ruwa, ruwa da sabulu ne, ana buɗa gashin da yatsu har gindi, sai ruwan ya fita garau. Na mai, fara goge shi a tsohuwar jarida, ka wanke da kananzir sau biyu ko uku, sannan sabulu. Bar fetur, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Taje gashin da tsohon mataji, yarfe ruwan, gyara bakin da yatsu ya koma siffarsa, ka rataye shi ta hudar nan kansa na kallon ƙasa. Kada ka bar shi tsaye a kan gashinsa cikin bokitin ruwa ya kwana, da safe za ka same shi a lanƙwashe, mariƙin ya kumbura. In gashin roba ya ɗan karkace, tsoma shi a ruwa mai ɗumi sosai na ɗan lokaci ka taje, yakan dawo.

Ya bushe, mayar da shi cikin kwalinsa, in ka yar kuma yanki wani kwalin ka naɗe ka ɗaure da roba. Ranar da ka ga bakin ya cinye ya daina yin tsini, sauke shi zuwa aikin ƙarfen taga ko kakkaɓe ƙurar kusurwa, ka koma kasuwa ka sake buga wani a tafin hannu.